Taswirar Da Allah Bai Ba Mu Ba

Karatu: 1 Sarakuna 20:23-30, Daniyel 10:1-21, Afisawa 6:10-18
Ayar haddacewa: Zabura 24:1

 

Bari mu fara da wani misali. A ce wata rana wani mai ilimi ya ƙera na'ura wadda take iya gano inda mala'iku suke da inda aljannu suke. A ce ya zana taswirar garinku, ya sa farin alli a wuraren da mala'iku suka yi yawa, ya sa baƙin gawayi a wuraren da mugayen ruhohi suka yi sansani. A ce ana sayar da wannan takarda a kasuwa. Ɗan'uwa, za ka saya? Da yawa cikinmu za su sayar da akuya domin su mallake ta. Kafin mutum ya kama hayar ɗaki sai ya duba ta. Kafin ya sayi gona, ko ya ba da 'yarsa aure a wani gari, sai ya duba ta.

Babu irin wannan na'ura, amma tunanin ba sabo ba ne. A shekarar 1986 wani marubuci Kirista ɗan Amurka, Frank Peretti, ya wallafa littafin ƙagaggen labari mai suna This Present Darkness. Labarin wani ƙaramin gari ne inda mala'iku da aljannu suke gwabza yaƙi a kan rufin gidaje da tituna, kowane ɓangare da shugabansa, addu'ar masu bi kuwa tana ƙara wa mala'iku ƙarfi. Littafin ya sami karɓuwa ƙwarai. Bayan 'yan shekaru, waɗansu malamai kamar George Otis da Peter Wagner suka fara koyar da abin da suka kira zana taswirar ruhaniya. Suka ce kowane birni da kowace ƙasa suna da wani babban aljani mai mulki a kansu. Suka ce sai masu bi sun binciki tarihin wurin, sun gano inda aka yi tsafi ko aka zub da jini, sun san sunan wannan ruhu, sun ɗaure shi da addu'a, sa'an nan ƙofar bishara za ta buɗe. Wannan koyarwa ta bazu ta wurin littattafai da kaset-kaset har ta iso ikilisiyoyinmu na Afirka.

Da ta iso kuwa, ta tarar da ƙasa a jiƙe. Tun muna yara muna da tamu taswirar a zuciya. An gaya mana kada mu zauna gindin tsamiya da tsakar rana. An ce kuka gidan iskoki ce, haka kuma kango, da tsohuwar rijiya, da juji, da mararraba, da makabarta. Masu bori ma suna da labarin Jangare, birnin iskoki, inda suke cewa akwai sarki da fadawa da bayi. Mutum yakan karɓi Almasihu, a yi masa baftisma, amma wannan tsohuwar taswira tana nan a naɗe cikin ƙirjinsa. Saboda haka ya kamata mu tambayi Littafi Mai Tsarki, ko Allah yana so 'ya'yansa su yi tafiya da irin wannan taswira.

Akwai yaƙi, ba shakka

Da farko, kada kowa ya ɗauka muna cewa babu aljannu. Maganar Allah ta tabbatar akwai Shaiɗan da rundunarsa, akwai kuma mala'iku tsarkaka waɗanda Allah yake aikowa su yi wa magāda ceto hidima, kamar yadda Ibraniyawa 1:14 ta koya mana. Manzo Bulus ya faɗa wa Afisawa cewa kokawarmu da ikokin duhu take, ba da 'yan adam ba.

Akwai kuma ayoyin da suka haɗa ruhohi da wurare. A cikin Markus 5, mutumin nan mai aljannu a ƙasar Garasinawa cikin makabarta yake zaune, aljannun kuma suka roƙi Yesu kada ya kore su daga ƙasar. Sai kuma Daniyel 10, inda masu wannan koyarwa suka fi kafa hujja. A shekara ta 3 ta sarautar Sairus, Daniyel ya yi mako 3 yana makoki da addu'a, bai ci nama ba, bai sha ruwan inabi ba. Yana bakin Kogin Taigiris sai manzon Allah ya bayyana gare shi, ya sanar da shi cewa tun ranar farko aka ji addu'arsa, amma shugaban mulkin Farisa ya tare masa hanya kwana 21, har Mika'ilu ya zo ya taimake shi.

To, mu duba wannan sura da kyau. Duk kwanakin nan 21 Daniyel bai san ana wani yaƙi a sama ba. Bai nemi sunan ruhun Farisa ba, bai yi magana da shi ba, bai ɗaure shi ba. Allah yake yi wa magana, yana ƙasƙantar da kansa. Da aka buɗe masa asirin ma, ba a ce masa ya tashi ya zaga Farisa yana neman gidan wannan ruhu ba. An ƙarfafa shi, an ce kada ya ji tsoro, aka ba shi saƙon da zai rubuta. Yaƙin sama Allah ya ba mala'ikunsa. Rabon Daniyel shi ne durƙusawa da yin biyayya. Allah ya ɗaga labule kaɗan domin bawansa ya sami ƙarfin zuciya, sa'an nan ya sake shi. Maimaitawar Shari'a 29:29 ta nuna mana akwai al'amuran da Allah ya ɓoye wa kansa, akwai waɗanda ya bayyana mana domin mu aikata.

Mutanen da suka zana wa Allah iyaka

A cikin 1 Sarakuna 20 mun ga mutanen da suka dogara ga irin wannan taswira. Ben-hadad Sarkin Suriya ya zo da sarakuna 32 ya kewaye Samariya, amma Isra'ila ta ci shi da yaƙi. Fadawansa suka zauna suka yi nazari, suka ce sun gano dalili. A ganinsu Allahn Isra'ila na tuddai ne, in aka ja yaƙin zuwa fili ba zai iya kome ba. Da shekara ta kewayo suka taru a Afek, suka cika ƙasar, Isra'ilawa kuwa a gabansu kamar 'yan garkunan awaki biyu. Sai wani annabi ya zo wurin Ahab da saƙo, cewa tun da Suriyawa sun ce ikon Ubangiji ya tsaya a kan tuddai, zai ba da wannan babbar runduna a hannunsa, domin a sani shi ne Ubangiji. A rana ta 7 aka kara, Suriyawa 100,000 suka fāɗi rana ɗaya.

Ku lura, Ahab ba sarkin kirki ba ne. Allah ya ba da nasarar nan saboda sunansa, domin an raina shi, an mai da shi kamar gunkin wani yanki. Duk lokacin da mai bi ya ce, wancan gari na aljannu ne, addu'a ba ta ci a can, ko kuwa ya ce, wannan unguwa ta fi ƙarfin bishara, to, yana maimaita kuskuren fadawan Ben-hadad. Zabura 24 ta ce duniya da dukan abin da yake cikinta mallakar Ubangiji ne. Tsamiyar bayan gari shi ya halicce ta. Kukar nan da kuke tsoro, shi ya sa mata ganyen da kuke miya da shi. Ko taƙi ɗaya na ƙasa Shaiɗan bai halitta ba, bai kuma saya ba.

Inda aka ga mala'iku

Yanzu mu ɗauki farin allin mai taswira, mu bi Littafi Mai Tsarki mu ga inda mala'iku suka bayyana.

Hajaratu tana cikin jeji, ruwan salkarta ya ƙare, ta ajiye ɗanta a gindin wani ɗan itace don kada ta ga mutuwarsa. A nan mala'ikan Allah ya kira ta. Yakubu yana gudun ɗan'uwansa Isuwa, dare ya yi masa kusa da Luz, garin Kan'aniyawa, ya yi matashi da dutse. A nan ya ga mala'iku suna hawa suna sauka, da ya farka ya shaida cewa Ubangiji yana wurin, shi ne bai sani ba. Baran Elisha ya tashi da sassafe a Dotan ya ga sojojin Suriya sun kewaye garin, hankalinsa ya tashi. Elisha ya yi addu'a, idon saurayin ya buɗe, ya ga dutsen cike da dawakai da karusan wuta. Daniyel ya kwana a kogon zakoki a Babila, tare da mala'ika. Bitrus yana barci a kurkukun Hirudus tsakanin soja 2, ɗaure da sarƙa 2, mala'ika ya tashe shi. Bulus yana cikin jirgin ruwa da hadiri ya yi ta jifa da shi har kwana 14, mutum 276 a ciki, mala'ika ya tsaya kusa da shi da dare. Ranar tashin Ubangijinmu kuma, a kabari mata suka tarar da mala'iku.

Jeji, garin matsafa, birnin da aka kewaye da yaƙi, kogon zakoki, kurkuku, teku mai hauka, kabari. Duk waɗannan wurare ne da mai taswira zai shafa wa baƙin gawayi. Mala'iku ba su da unguwar da suka fi so. Inda Ubangijinsu ya aike su nan suke zuwa, yakan kuwa aike su inda 'ya'yansa suke cikin wahala.

Inda aka ga Shaiɗan

Mu ɗauki gawayin kuma. A ina maciji ya yaudari Hawwa'u? A gonar Aidan, wurin da babu zunubi tukuna. Ina Iblis ya kai Yesu domin ya gwada shi? Har kan tsororuwar Haikali a Urushalima, birni mai tsarki. A ina mai baƙin aljan ya yi ihu a Markus 1? A cikin majami'ar Kafarnahum, ran Asabar, ana cikin koyarwa. A ina Shaiɗan ya shiga Yahuza Iskariyoti? A wurin cin jibin ƙarshe, gurasar da Yesu ya miƙa masa tana hannunsa. Hananiya da Safiratu fa? A tsakiyar ikilisiyar farko, lokacin kawo baiko, Bitrus ya ce Shaiɗan ya cika zuciyar Hananiya.

Duk waɗannan kuwa wurare ne da mai taswira zai shafa wa farin alli. Kun ga ke nan, da mun sayi takardar nan da ta ɓad da mu sau biyu. Da ta sa mu gudu daga inda Allah ya shirya taimako, ta kuma sa mu saki jiki a inda magabci yake fako. Bitrus ya kwatanta Iblis da zaki mai zagawa yana neman wanda zai cinye. Mai zagawa ba a sanin masaukinsa, mutum yake nema, duk inda mutumin yake.

Birgamas da Afisa

Akwai gari ɗaya da Yesu da bakinsa ya ce gadon sarautar Shaiɗan yana can, wato Birgamas, a Wahayin Yahaya 2:12-17. Kangonsa yana ƙasar Turkiyya a yau. Birni ne mai manyan haikalin gumaka, har da haikalin da aka gina domin yi wa Kaisar sujada. A can aka kashe Antifas saboda shaidarsa. Me Ubangiji ya ce wa masu bi na wurin? Bai ce su ƙaura ba. Bai ce su nemo inda gadon sarautar yake su rushe shi ba. Ya yaba musu don sun riƙe sunansa kam. Laifin da ya kama su da shi kuwa a cikin ikilisiya yake, domin sun bar masu koyarwar Bal'amu suna jan mutane ga cin abin da aka yanka wa gumaka da yin fasikanci. Ya ce su tuba. Haɗarin da ya fi girma yana zaune tare da su a ɗakin sujada.

Afisa kuma cibiyar bautar Artimas ce, cike da masu sihiri. A shekarar 1999 waɗansu masu bi daga ƙasashe dabam dabam, bisa ga kiran Wagner, sun taru a kangon Afisa domin yin yaƙin addu'a da ruhun da suka ce shi ne yake bayan wannan gunkiya. Ba mu shakkar himmarsu. Amma mu duba yadda Bulus ya yi a wannan birni, a Ayyukan Manzanni 19. Ya yi wata 3 yana wa'azi a majami'a, sa'an nan shekara 2 yana koyarwa kowace rana a makarantar Tiranas. Allah ya warkar da marasa lafiya, aljannu suka fita daga mutane. Masu sihiri suka tuba, suka ƙone littattafansu da hannunsu, kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Kasuwar maƙeran gumaka ta fāɗi har suka ta da tarzoma. Duk da haka magatakardan gari ya shaida a gaban taro cewa mutanen nan ba su yi sata a haikali ba, ba su kuma zagi gunkiyar ba. Waɗanda suka sha kashi a wannan sura su ne 'ya'ya 7 na wani firist, da suka mai da sunan Yesu kamar laya. Aljanin ya fi ƙarfinsu, suka gudu tsirara da raunuka.

A watan Agusta na shekarar 2000 shugabannin ikilisiya da malaman tauhidi daga sassan duniya, ƙarƙashin ƙungiyar Lausanne, sun yi taro a Nairobi a kan yaƙin ruhaniya. Sun yarda yaƙin gaskiya ne, sun kuma gargaɗi masu bi cewa da yawa daga cikin abubuwan da ake koyarwa game da ruhohin yankuna ba su da ƙwaƙƙwarar hujja a Littafi Mai Tsarki.

Ɓarnar da wannan taswira take yi

Ta fari, tana haifar da tsoro. Malamin makaranta ko ma'aikaciyar asibiti mai bi za a tura su aiki wani ƙauye, sai su yi ta neman hanyar zillewa don an ce ƙauyen na mayu ne. Mai bishara ya ƙi zuwa inda aka fi bukatarsa. Yesu kuwa da gangan ya haye teku zuwa makabartar Garasinawa saboda mutum ɗaya.

Ta biyu, tana sa mu ƙi maƙwabta. In ka shafa wa unguwa baƙi, ka shafa wa mutanen cikinta. Daga nan sai a fara nuna gidan wata tsohuwa gwauruwa da yatsa, a ce ita ce ta kama kurwar yaro. Sai a daina gaida maƙwabcin da ba addininmu ɗaya ba, a daina zuwa masa barka ko ta'aziyya. Mutanen nan Almasihu ya mutu dominsu. Ku tuna abin da Elisha ya yi da sojojin da suka zo kama shi a Dotan: ya sa aka ba su abinci da ruwa, aka sallame su.

Ta uku, tana hana mu gyara abin da yake hannunmu. Kwanar da motoci suke yawan kifewa, sai a ce aljannu ne masu shan jini, alhali direba yana gudun wuce sa'a, an yi lodi fiye da kima, tayoyi sun suɗe. Mai haƙa ya shiga tsohuwar rijiya ya suma, a ce iskoki sun buge shi, alhali a ƙasan irin wannan rijiya iskar shaƙa takan yi ƙaranci. Yara suna zazzaɓi a gidajen bakin tafki, a ce wurin ne ba kyau, a bar gidan sauro a naɗe. Mu yi addu'a, mu kuma yi aiki da hankalin da Allah ya ba mu.

Ta huɗu, ita ce mafi muni, tana kawar da idonmu daga zunubinmu. Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ya fi sauƙi a kwana ana tsawata wa aljanin gari, da a je a nemi gafarar matar da aka ɓata wa rai, ko a mayar da kuɗin ikilisiya da aka ci.

Wurin da aka ce mu tsare

Akwai wuri ɗaya da Sabon Alkawari ya ce kada mu bar wa Iblis. A Afisawa 4:25-32 Bulus ya gargaɗe mu kada mu ba shi ƙofa, ya kuma lissafta ƙofofin: ƙarya, fushin da aka kwana da shi, sata, ruɓaɓɓiyar magana, ɗacin rai, ƙeta. Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. 'Yar'uwa, tsagar tana iya zama gabar da ke tsakaninki da matar ƙanen mijinki shekara da shekaru. Ɗan'uwa, tana iya zama layar da ka binne a ƙofar shago, ko mudun da ka lotsa, ko zuwa wurin mai duba a ɓoye bayan ka fito daga sujada.

Makaman da aka lissafta a Afisawa 6 su ma ku dube su: gaskiya, adalci, bisharar salama, bangaskiya, ceto, Maganar Allah, da addu'a a kowane lokaci. Babu taswira a cikinsu. A jikin mutum ake ɗaura su, yana tafiya da su duk inda ya nufa. Umarnin da aka maimaita shi ne mu tsaya daram, gama Almasihu ya riga ya tuɓe wa ikokin duhu makamansu a kan gicciye, kamar yadda Kolosiyawa 2:15 ta shaida.

In kuwa kuna marmarin zana taswira, ga wadda za ta faranta wa Ubangiji rai. Ku zauna a ikilisiyarku, dattawa da zumuntar mata da matasa, ku zana garinku. Ku sa alama a gidan gwauruwar da ba ta da mai ɗebo mata ruwa. Ku sa alama a gidan mara lafiyan da ya daɗe a kwance, da gidan kurkuku, da tashar mota inda yara suke kwana, da zangon baƙin da suka gudo daga tashin hankali, da ƙauyen da ba a taɓa jin bishara ba. Ku yi addu'a saboda waɗannan wurare, da hakimi da mai gari da dukan masu mulki, yadda Irmiya ya umarci kamammu su nemi zaman lafiyar Babila. Sa'an nan ku tashi ku je da ƙafarku. Wanda ya aike ku ya yi alkawari yana tare da ku har matuƙar zamani, ya kuma san inda zai tsai da mala'ikunsa.

Tambayoyi domin tunani

1. Akwai wani wuri ko wani gida da nake gudu saboda tsoron iskoki? Me Zabura 139:7-12 take koya mini a kan wannan?
2. Akwai mutumin da na ɗauka kamar magabci saboda unguwarsu, ko kabilarsa, ko addininsa?
3. Wace ƙofa ce na bari a buɗe a zuciyata, wadda ya kamata in rufe yau?

Addu'a

Ya Ubanmu na Sama, tuddai naka ne, kwaruruka naka ne, gari da jeji duka naka ne. Ka gafarta mana inda muka ji tsoron halitta fiye da kai. Ka buɗe idanunmu kamar na baran Elisha, mu san waɗanda suke tare da mu sun fi yawa. Ka nuna mana tsagar da take cikin zukatanmu, ka ba mu alherin tuba. Ka sa mu ƙaunaci maƙwabtanmu, ka aike mu inda kake so, ka tsare fitarmu da shigarmu. Mun roƙa cikin sunan Yesu Almasihu Ubangijinmu. Amin.